Zangon Sinawa a Birnin San Faransisko: Tarihinsa da Al'adunsa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Sai dai tarihi ya sha nuna mana baƙin da suka zo da niyyar kwana biyu, amma zama ya kama su, har jikokinsu suka wayi gari ba su san wani gida ba sai nan. Mu Hausawa ba sai an ba mu labarin wannan ba, domin ga zangunanmu nan a Kumasi da Akara, ga kuma Sabo a Ibadan. A wannan maƙala za mu ɗauki mai karatu zuwa wani zango da ke nesa da mu, wato unguwar Sinawa ta birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda Turawa ke kira Chinatown. Ita ce mafi daɗewa cikin irin waɗannan unguwanni a Amurka ta Arewa. Za mu dubi yadda aka kafa ta, da irin uƙubar da mazaunanta suka sha, da dabarun da suka bi har ta kawo yau.

Asalin Zuwansu

A watan Janairu na shekarar 1848 wani kafinta mai suna James Marshall ya tsinci zinariya a wani rafi da ke Kalifoniya. Kafin ka ce kwabo labari ya gama duniya, mutane suka riƙa kwararowa daga kowace kusurwa. Labarin ya iske mutanen lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin cikin mawuyacin hali. Ingila ta ci ƙasarsu da yaƙi tsakanin 1839 da 1842 a kan cinikin ƙwayar ofiyom, ta kuma karɓe tsibirin Hong Kong. Haraji ya yi wa talaka nauyi, gonaki sun yi kaɗan, sannan daga 1850 tawayen Taiping ya ɓarke, wanda ya ci rayukan miliyoyin mutane kafin a kashe wutarsa a 1864. Saboda haka samari da magidanta, musamman na gundumar Taishan da maƙwabtanta, suka ci bashin kuɗin jirgin ruwa suka nufi ƙasar da suka laƙaba wa suna Gam Saan, wato Dutsen Zinariya. A shekarar 1852 kaɗai Sinawa wajen 20,000 ne suka sauka a San Faransisko.

Galibinsu 'yan ci-rani ne. Sun bar mata da 'ya'ya a ƙauye da niyyar su tara abin da ya sawwaƙa su koma. Kafin su wuce wuraren haƙar zinariya sukan yada zango a kusa da dandalin Portsmouth, inda 'yan'uwansu 'yan kasuwa suka buɗe kantunan shinkafa da shayi da busasshen kifi a kan titin Sacramento. Su da kansu suka riƙa kiran titin da sunan Titin Mutanen Tang, don tunawa da wata tsohuwar daularsu. Daga nan unguwar ta bazu zuwa titin Dupont, wanda daga baya aka mayar da sunansa Grant.

Kura da Shan Bugu

Da farko hukumomin birnin sun yi maraba da su, amma da zinariyar da ke kusa da doron ƙasa ta fara ƙarewa sai idanu suka koma kan baƙi. A 1852 majalisar jiha ta ɗora wa baƙin mahaƙa harajin dala 3 a wata, kuma Sinawa ne suka fi kowa biyansa. A 1854 babbar kotun jihar ta saki wani Bature mai suna George Hall wanda aka samu da laifin kashe wani Basine, bisa hujjar cewa shaidar Basine ba ta karɓuwa a kan farar fata. Wannan hukunci ya mayar da jinin Basine da dukiyarsa abin banza a dajin haƙar zinariya.

Daga 1865 kamfanin Central Pacific ya fara ɗaukar su aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da za ta haɗa gabashin Amurka da yammacinta. Ba a jima ba suka zama su ne mafi rinjayen leburorin kamfanin, sun haura 10,000. Su suka fasa duwatsun Sierra Nevada da nakiya cikin tsananin sanyi da ƙanƙara, ana biyansu ƙasa da abin da ake biyan Turawa, kuma su suke ciyar da kansu. A watan Yuni na 1867 dubbansu suka shiga yajin aiki suna neman a daidaita lada, sai Charles Crocker, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ya datse hanyar kai musu abinci har suka koma bakin aiki. Ranar 10 ga Mayu, 1869 aka haɗa hanyar a Promontory da ke Utah. A shahararren hoton da aka ɗauka ranar, da ƙyar mutum zai iya nuna Basine ko ɗaya. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Da aikin ya ƙare, da yawansu suka dawo San Faransisko suka kama wanki da guga, da ɗinkin takalma, da naɗin taba, da aikatau a gidajen masu hali.

Dokokin Ƙuntatawa

A 1873 tattalin arzikin Amurka ya karye, aiki ya yi wuya. Kamar yadda aka saba, sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Wani mai suna Denis Kearney, wanda shi kansa baƙo ne daga Ailan, ya jagoranci wata jam'iyyar ma'aikata a 1877, yana ƙare jawabansa da kiran a kori Sinawa. A watan Yuli na shekarar aka kwashe kwanaki ana tarzoma a birnin, aka ƙona gidajen wanki na Sinawa. Kafin nan an yi musu kisan gilla a Los Anjeles a 1871, daga baya kuma aka kashe 28 a garin Rock Springs a 1885. Waɗanda aka kora daga ƙananan garuruwa suka riƙa gudowa unguwar San Faransisko, ta zama musu tudun mun tsira, ta kuma zama kurkuku, domin ba a ba su hayar gida a wajenta.

Hukumar birni ta fito da dokoki iri-iri. An hana tafiya a gefen titi da sanda a kafaɗa mai ɗauke da kwanduna biyu, irin yadda 'yan ga-ruwa ke yi a wurinmu, alhali Sinawa kaɗai ke dakon kaya haka. An ƙayyade faɗin da kowane mutum zai samu a ɗakin kwana, ana kama waɗanda talauci ya sa suka cunkushe. An kuma yi dokar aske kan duk wanda aka ɗaure, saboda an san sarakunan Manchu sun wajabta wa kowane namiji barin dogon kitso guda a ƙeya, kuma rasa shi babban wulaƙanci ne.

Gwamnatin tarayya ma ta shigo ciki. Dokar Page ta 1875 ta kusa toshe zuwan matan Sinawa baki ɗaya. Ranar 6 ga Mayu, 1882 Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a kan dokar da ta hana leburorin Sin shiga ƙasar har shekara 10, ta kuma hana kowane Basine zama ɗan ƙasa. A 1888 aka soke takardun dawowa na waɗanda suka je ganin gida, mutum wajen 20,000 suka maƙale a waje, wasu sun bar shaguna da dukiya. A 1892 aka sabunta dokar tare da tilasta wa kowane lebura yawo da takardar shaida, a 1904 kuma aka mayar da ita ta dindindin. Sakamakon haka unguwar ta zama ta gwauraye. Ƙidayar 1890 ta nuna kimanin maza 27 ne ga mace 1 cikin Sinawan Amurka. Mutum kan tsufa a ɗaki ɗaya yana aika kuɗi ga matar da ya rabu da gani shekara da shekaru. Wannan ƙarancin mata ya buɗe ƙofar fataucin 'yan mata, da gidajen caca da na shan ofiyom, waɗanda ƙungiyoyin asiri da ake kira tong suka riƙa zubar da jini a kansu. Jaridun birnin suka kama wannan ɓangare suka yi ta kururutawa, kamar dai ba dokokin ne suka haife shi ba.

Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya

To, me ya riƙe unguwar? Amsar ita ce ƙungiyoyi. Kowane baƙo yana da ƙungiyar gundumarsu ta asali, da kuma ƙungiyar masu sunan zuri'a ɗaya, kamar Wong ko Lee ko Chan. Wakilin ƙungiya ke tarbar sabon zuwa a bakin jirgi, ya ba shi masauki, ya samo masa aiki. Duk wanda ya san matsayin maigida da Sarkin Zango a fataucin goro da shanu zai gane wannan tsari nan take. Suna kuma yin adashi, wanda da shi mutane da yawa suka sami jarin buɗe gidan wanki ko gidan abinci. In mutum ya mutu aka binne shi, bayan wasu shekaru ƙungiya kan tono ƙasusuwansa ta aika da su ta hannun asibitin Tung Wah na Hong Kong zuwa ƙauyensu, don ya kwanta kusa da kakanninsa. Manyan ƙungiyoyin gundumomi suka haɗu ƙarƙashin inuwa guda wadda Turawa suka sani da Kamfanoni Shida. Ita ke sasanta rigingimu, ita ke magana da hukuma, ita ke tara kuɗin ɗaukar lauyoyi.

Wannan batu na lauyoyi shi ne abin da ya fi ba mu sha'awa. Mutanen da aka hana ƙuri'a sai suka mayar da kotu makaminsu. A 1879 kotu ta soke dokar aske kai. A 1886 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar wani mai wanki, Yick Wo. Birni ya ce duk mai gidan wanki na katako sai ya nemi izini, sannan ya hana Sinawa kimanin 200 izinin, ya bar waɗanda ba Sinawa ba wajen 80 suna aikinsu. Kotu ta ce doka ko da ta yi kyau a takarda, in an zartar da ita da son zuciya ta saɓa wa tsarin mulki, kuma kariyar doka ta shafi baƙo kamar yadda ta shafi ɗan ƙasa.

Sai kuma Wong Kim Ark, wani kuku da aka haifa a kan titin Sacramento a farkon shekarun 1870. Ya je ƙasar Sin ziyara, da ya dawo a 1895 aka hana shi sauka daga jirgi. A 1898 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 2, ta ce wanda aka haifa a ƙasar Amurka ɗan ƙasa ne ko da iyayensa baƙi ne. Miliyoyin 'ya'yan baƙi, har da na Afirka, sun ci albarkacin wannan hukunci, kuma da aka sake tayar da maganar a kotunan Amurka a 2025, sunan wannan kuku ne aka yi ta ambata.

Gobarar Titi

A watan Maris na 1900 aka sami wani mazaunin unguwar ya mutu da annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa. Hukuma ta zagaye unguwar da igiya da 'yan sanda, amma ta karkata igiyar yadda gine-ginen Turawa suka kasance a waje. Nan ma kotun tarayya ce ta warware killacewar. Da yake asibitocin birni ba sa son karɓar su, sai suka kafa ɗakin shan magani nasu, wanda ya zama Asibitin Sinawa a 1925. A nan aka haifi ɗan wasan nan Bruce Lee a 1940.

Ana wata ga wata, da asubahin 18 ga Afrilu, 1906 girgizar ƙasa ta afka wa birnin, gobara ta biyo baya har kwana uku, aka rasa rayuka kimanin 3,000. Unguwar Sinawa ta ƙone ƙurmus. Da yake filin yana tsakiyar birni kusa da manyan bankuna, nan da nan masu faɗa-a-ji suka kafa kwamitin da zai mayar da Sinawa can bayan gari, wani wuri da ake kira Hunters Point. Gwamnatin Sin ta ce a filinta za ta sake gina ofishin jakadancinta, attajiran Sinawa suka yi barazanar kwashe cinikinsu zuwa wasu garuruwan bakin teku, Turawan da suka mallaki filayen kuma ba sa son rasa kuɗin haya. Haka shirin ya wargaje.

Wani attajiri haifaffen Kalifoniya, Look Tin Eli, ya ga cewa in ba a sauya wa unguwar suna a idon jama'a ba, wata rana za a sake yunƙurin tashinta. Shi da abokansa suka ɗauko Turawa masu zanen gine-gine suka gina kantuna masu hasumiya hawa-hawa da rufi mai lanƙwasassun gefe, irin su Sing Chong da Sing Fat a mahaɗar titin Grant da Kalifoniya. A can ƙasar Sin ba a yi wa kanti irin wannan hasumiya, ta wuraren ibada ce. An yi ta ne don jan hankalin masu yawon buɗe ido, kuma dabarar ta ci, domin birni ya daina ganin unguwar a matsayin juji ya fara ganin ta a matsayin hanyar samun kuɗi. Unguwannin Sinawa da dama a wasu birane sun kwaikwayi wannan fasali.

Gobarar ta zama gobarar Titi ta wata fuskar. Takardun haihuwa na birni sun ƙone, saboda haka mutane da yawa suka ce a nan aka haife su, ba mai iya ƙaryata su. Ɗan ƙasa kuwa yana da ikon shigo da 'ya'yansa. Sai mutum ya je gida ya dawo ya ce an haifa masa ɗa, daga baya ya sayar da wannan gurbi ga wani yaro. Su ake kira 'ya'yan takarda. Don daƙile wannan, daga 1910 zuwa 1940 aka riƙa tsare masu shigowa a tsibirin Angel, ana yi wa yaro da wanda ya ce ubansa ne tambayoyi daban-daban: taga nawa ne a gidanku, ina ake ajiye shinkafa, wa ke zaune a gida na uku a layinku. Wasu sun yi makonni a tsare, wasu watanni, wasu fiye da shekara. Abin da zai fi taɓa zuciyar marubuta shi ne, waɗannan tsararru sun sassaƙa waƙoƙi fiye da 200 a jikin katakon bango, na kewar gida da fushi da fata. A 1970 ana gab da rushe ginin wani ma'aikacin gandun ya lura da rubutun, aka yi fafutuka har aka mayar da wurin gidan tarihi.

Buɗewar Ƙofa

A Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar Sin ta zama abokiyar Amurka a kan Japan, don haka a 1943 aka soke dokar hana shiga, bayan shekara 61. Amma mutum 105 kacal aka yarda su shigo a shekara. Sojojin da suka yi yaƙi sun sami damar kawo matansu bayan 1945, aka fara jin kukan jarirai a unguwar gwauraye. Dokar shige da fice ta 1965 ce ta buɗe ƙofa sosai, iyalai suka shigo daga Hong Kong da Taiwan, daga baya kuma daga Biyetnam da ita kanta ƙasar Sin.

Mu malaman makaranta ba za mu wuce batun ilmi ba. A 1884 aka hana wata yarinya 'yar shekara 8, Mamie Tape, shiga makarantar gwamnati. Iyayenta suka yi ƙara suka ci a 1885, sai hukuma ta yi sauri ta buɗe makaranta ta daban don 'ya'yan Sinawa. Bayan shekara 89, a 1974, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar Lau, wadda aka shigar a madadin yara kimanin 1,800 da ba sa jin Ingilishi kuma ba a koya musu. Kotu ta ce ba wa yara aji ɗaya da littafi ɗaya da malami ɗaya bai zama adalci ba muddin wasunsu ba sa fahimtar harshen da ake koyarwa da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya na sakandare yana magana da Ingilishi suna kallonsa ya san abin da alƙalan ke nufi.

Al'adun Unguwar

Unguwar ba ta da girma, mutum kan ratsa ta da ƙafa cikin ɗan lokaci, amma tana cikin wurare mafi cunkoso a Amurka. Fuska biyu gare ta. Titin Grant, inda aka gina Ƙofar Dodo a 1970, na baƙi ne masu sayen tsaraba. Titin Stockton kuwa kasuwar 'yan gida ce, ta ganyaye da kifi mai rai da gasasshiyar agwagwa. Ga shagunan masu maganin gargajiya da bango cike da ƙananan aljihunan saiwoyi, ga gidajen shayi inda ake cin ƙananan cimaka da suke kira dim sum. A dandalin Portsmouth tsofaffi kan wuni suna karta da darar Sinawa, domin da yawansu ɗaki ɗaya suke haya, suna tarayya da maƙwabta a madafa da banɗaki. A lungun Waverly akwai ɗakin ibadar Tin Hau, wadda suka ɗauka mai tsare matafiya a teku, kuma asalinsa na komawa ga shekarun 1850.

Babban bikinsu shi ne na sabuwar shekara, wanda kan faɗo tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Ana share gida, a biya bashi, a ba yara kuɗi cikin jar ambulan, a yi rawar zaki da wasan wuta. Tun daga 1953 suka mayar da jerin gwanon bikin na kowa da kowa, a lokacin da ake zarginsu da goyon bayan kwaminisanci. A watan Afrilu kuma sukan je share kaburburan iyaye. Wani abin dariya shi ne biskit ɗin nan mai ɗauke da 'yar takardar duba, wanda Amurkawa ke ɗauka abincin Sin ne. Daga wajen baƙin Japan ya samo asali, kuma a ƙasar Sin ba a san shi ba.

Kammalawa

A yau kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutanen San Faransisko jinin Sinawa ne, kuma galibinsu sun koma wasu unguwanni. Ed Lee ya riƙe muƙamin magajin gari daga 2011 har rasuwarsa a 2017. Majalisun tarayya sun nuna nadama a kan dokokin baya a 2011 da 2012, majalisar birnin ta nemi gafara a 2022. Duk da haka, da cutar korona ta ɓulla a 2020, ciniki ya tsaya a unguwar tun kafin cutar ta yaɗu a birnin, aka kuma riƙa kai wa tsofaffin 'yan Asiya hari a kan titi.

Wannan tarihi ya shafe mu ta fuska biyu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutanen zango da dama suka baro gidajen da aka haife su a ciki. A 1983 mu ma muka kori baƙi daga Nijeriya, galibinsu 'yan Gana, lokacin da kuɗin mai ya ja baya. Wato mun ɗanɗana matsayin Wong Kim Ark, mun kuma taɓa tsayawa inda Kearney ya tsaya. Abin da muka gani a San Faransisko shi ne baƙon da ke da ƙungiya, da adashi, da makaranta, da sanin hanyar kotu, ba ya koruwa cikin sauƙi. Ya rage ga marubutanmu su shiga zangunanmu su rubuta tarihinsu daga bakin dattawan da suka rage, tun kafin a wayi gari babu mai ba da labarin.